Rigar Kafinta da Bangon Ɗakin Uwata

Da na san abin da ke ƙarƙashin matashin Uwata, da sai na fara sallamar Yaya daga gidan kafin in ɗaga shi. Ban sani ba. Kuma a ranar hankalina ba ya jikina.

Uwata ita ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba. Tela ce, tana da kekenta a wani shago a bakin titi, kuma ta wuce shekarun da za a yi mata zaɓi. Da kanta ta zaɓi Kafinta, wani yaro mai sanyin hali da ke da rumfar aikin katako a bayan kasuwa. Ya zo ya gaishe ni, na bincika, na ba shi. Ni mai gyaran famfo ne, karatuna bai yi nisa ba, amma na san in na ce na ba mutum, to na ba shi.

Sai ga tari.

Da faɗuwar damina ya fara. Da farko mun ɗauka mura ce. Daga baya ƙirjinta ya cushe, in ta ja numfashi sai ka ji wani ƙara siriri kamar famfon da iska ta shiga. Ta daina zuwa shago. In ta hau matakalar ƙofar gida sai ta dafa bango.

A wannan halin Yaya ta zo ta tare a gidanmu. Yaya ita ce babbar yayata, ita ta goye ni, yara na ce mata Gwaggo. Tun asali ba ta son Kafinta. Tana da nata ɗan takarar, Mai Kemis, maƙwabcinta, mai shagon magani da fararen kaya kullum a goge.

"Ni fa na ji yaron nan yana tari a ƙofar gida," in ji ta. "Tari kamar tsohuwar mota. Tarin fuka ne, shi ya shafa mata. Kai kuma ka zauna kana kallo."

"Yaya, ba a auna kowa ba tukuna."

"Sai an auna gawa? Daga yau kada ya ƙara tako ƙofar nan."

Tsoro ya sa na yarda. Na aika wa Kafinta cewa ya dakata da zuwa har a ga abin da hali ya yi. Bai yi musu ba. Uwata kuwa ta juya fuskarta bango.

Yaya ta karɓi jinya. Ta ce sanyi ne ya kama ƙirji, don haka ta toshe tagar ɗakin da tsummoki, ta sa kaskon gawayi a tsakiya, tana zuba turare a kai. Ga maganin sauro na kunnawa yana ci a gefen gado. Mai Kemis kuma ya samu ƙofa. Kullum da yamma zai zo da sabuwar kwalba, ya zauna a falo yana karanta mana abin da aka rubuta a jikinta.

"Baba, wannan na waje ne," zai ce. "Cokali biyu, majinar duk za ta narke."

Kwalabe suka cika saman sif. Majina ba ta narke ba.

Matata, Maman yara, ce ta tare ni a tsakar gida wata safiya, ta rage murya.

"Malam, yarinyar nan ƙarewa take. Ko ka kai ta asibiti, ko in ɗauke ta da kaina, Yaya ta yi duk faɗan da za ta yi."

Na ajiye jakar aikina. Muka tafi.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta saurari ƙirjin Uwata gaba da baya, ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kakinta don a auna. Sannan ta dube ni.

"Baba, abubuwan da ke cushe ƙirji suna da yawa. Akwai mura da ta sauka ƙasa. Akwai tarin fuka, shi ya sa muka karɓi kaki. Akwai asma. Akwai hayaƙi, ko ƙura, ko danshin ɗaki, ko wani abu da jikin mutum ba ya so. Wani ma daga ciki ne, abu mai tsami yake tasowa ya taɓa maƙogwaro. Wani zuciya ce. Me kuke kunnawa a ɗakinta?"

Na faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Gawayi da turare da maganin sauro su fita yau, a buɗe taga. Waɗannan ba sa buƙatar bincike, ko lafiyayye za su shaƙe shi. Amma sauran kayan ɗakin, kada ku taɓa su gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya. Ku cire abu, ku jira ku gani, sannan ku cire wani. In ba haka ba, ko ta warke ba za mu san abin da ya kama ta ba."

Ta ba ta abin shaƙa, ta nuna mata yadda ake yi. Na ce na gane. Wallahi na gane a lokacin.

An fitar da kasko, Yaya na ta mita. Sakamakon kaki ya fito, babu tarin fuka, hoton ma bai nuna wani mugun abu ba. Na yi hamdala, na ɗauka za mu huta. Amma sauƙin da aka samu kaɗan ne. Har yanzu in gari ya waye, Uwata takan tashi da ƙirji a toshe.

Sai ranar da na fara ambata.

Ina shirin fita aiki na ji Maman yara ta ƙwala kira. Na shiga na tarar da Uwata zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa da sauka, idanunta sun firfito. Ta kasa ko cewa Baba. Na sa mata abin shaƙa a baki. Da ƙyar numfashin ya dawo.

Daga nan na manta da likita da duk abin da ta ce. Na ɗauki 'yata na kai ta falo, na dawo ɗakin kamar wanda zai yi dambe. Na yaye labule. Na naɗe darduma na jefa waje. Na kama sif na janye shi daga jikin bango, sai na tsaya cak.

Bangon ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har kusan tsayina. Fumfuna ta cinye shi, fenti ya kumbura, wari ya daki hancina. Na taɓa, hannuna ya jiƙe. Na san abin da ke bayan wannan bangon, don ni na sa shi: bututun da ke kai ruwa banɗaki.

Maman yara ta riƙe haɓa.

"Mai gyaran famfon gari guda, ga nasa na yoyo a ɗakin 'yarsa."

Na juya kan gado don in fitar da katifa, na ɗaga matashi.

Riga ce. Rigar aiki, shuɗiya, mai kauri, an ninke ta da kyau. Garin katako ya shiga duk wani ɗinki nata, aljihun ma cike yake da shi. Warin fenti da na katako ya tashi. A wuyan akwai wurin da ya yage aka ɗinke, kuma na gane ɗinkin, na Uwata ne.

Kafin in yi wani tunani Yaya ta fizge ta daga hannuna.

"Lahaula! Kun gani? Kun gani da idonku?"

Ta fita falo tana karkaɗa rigar, ƙura na tashi.

"Yaya, fitar da ita waje, yarinyar na nan!"

Ta jefa ta tsakar gida, ta tsaya a kan Uwata.

"Ke, rigar wa ce wannan?"

Uwata ta sunkuyar da kai. Hawaye suka fara sauka.

"Tasa ce, Gwaggo."

"Me take yi a ƙarƙashin kanki?"

"Ya ba ni in ɗinke masa wuyan. Washegari aka ce kada ya ƙara zuwa. Ban samu wanda zan ba ya kai masa ba." Sai ta ɗago. "A'a, ba zan yi ƙarya ba. Ban so in mayar ba. Kun hana ni ganinsa, kun hana ni jin muryarsa. In na kwanta sai in sa fuskata a cikinta in ji kamar yana tsaye a ƙofa. Ita kaɗai ta rage mini."

Maman yara ta juya tana share ido. Yaya kuwa tafa hannu ta yi.

"To, magana ta ƙare. Na ce tarin fuka kun ce ba shi ba ne. Ga shi nan ashe ƙurar sana'arsa ce ke kashe ta. Riga kaɗai ta yi haka, ina ga mutumin ɗungurungum? Kullum zai shigo mata da wannan ƙurar a gashinsa, a jikinsa, a kan gadonta. Aure za ka yi mata ko kabari za ka haƙa?"

"Akwai bango ma, Yaya. Je ki gani."

"Bango! Shekara nawa tana kwana da bangon?"

"Yoyon sabo ne."

"Rigar ma sabuwa ce."

Nan na gane abin da na aikata. Riga ta fita, an janye sif, labule da darduma da katifa duk suna rana, Uwata kuma ta koma kwana a falo. Duk a safiya ɗaya.

Kuma ta samu sauƙi. Cikin 'yan kwanaki ƙarar ƙirjin ta ragu, ta fara cin abinci, har ta nemi a kawo mata ɗinki. Kowa sai ya ɗauki sauƙin ya sa a aljihunsa. Yaya ta ce rigar ce. Maman yara ta ce bangon ne. Mai Kemis ya zo da fara'arsa ya ce kwalbar ƙarshe ce ta yi aiki, sannan ya gyara zama.

"Baba, ni dai shagona ba ƙura. In aka ba ni ita, ko tari ɗaya ta yi, magani na kusa."

Daga bayan labulen falo muryar Uwata ta fito, a shaƙe amma sarai.

"Ka yi haƙuri. Ko da Kafinta ya fasa, ni ba zan auri kwalbar maganin tari ba."

Ƙannenta suka tuntsure da dariya a tsakar gida. Mai Kemis ya tashi yana gyara hula. Yaya ta raka shi tana ba shi haƙuri, ta dawo fuska a murtuke.

"Ka zaɓa," ta ce mini. "In ka ba Kafinta yarinyar nan, babu ni babu auren. Kuma ranar da ta shaƙe a ɗakinsa, kada ka zo mini da kuka."

Ban saba ƙetare maganar Yaya ba. Na ce ta ba ni lokaci.

Da rana na ɗauki rigar a leda na nufi bayan kasuwa. Tun daga nesa na ji kukan injin. Rumfar ƙarama ce, katakai jingine ta ko'ina, garin katako ya kai idon sawu. Hasken da ke shigowa ta ɓular kwanon rufi cike yake da ƙura. A kusurwa na ga wani gado da ba a gama ba, an sassaƙa furanni a kansa. Ban tambayi na wa ne ba.

Kafinta ya kashe injin, ya durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Yaya jikin nata?"

Na miƙa masa ledar. Ya buɗe, ya ga rigar, ya ga ɗinkin wuyan. Na faɗa masa inda na same ta da duk abin da ya biyo baya. Sai ya yi tari, ya juya ya goge idonsa da bayan hannu.

"Tarin nan naka fa?" na ce.

"Da aka ce ni na shafa mata, na je an auna ni. Sun ce ba tarin fuka ba ne, ƙura ce, in riƙa sa takunkumi."

"Ina takunkumin?"

Ya nuna shi rataye a ƙusa.

"Ƙusar ce ke tari ko kai?"

Ya yi murmushin kunya, ya ciro shi. Sannan fuskarsa ta canja.

"Baba, in dai ni ne ke hana ta numfashi, na haƙura. Ku ba wanda zai bar ta ta rayu. Ko kuma in bar sana'ar. Zan iya dako, zan iya gadi, duk abin da ya samu."

"Tun kana yaro kake wannan aikin. Ka iya wani?"

"Zan koya."

"Ba yau za a yanke wannan ba. Ban zo karɓar maganata ba, kuma ban zo ƙara ba ka ita ba. Na zo ne in gaya maka cewa ban san laifin wa ba ne, kuma sai na sani."

Na karɓi ledar rigar na tafi. Da na koma gida na tarar da Uwata ita kaɗai a falo, tana ɗinkin hannu kusa da taga. Na zauna na gaya mata abin da ya ce. Allurar ta faɗi daga hannunta.

"Ya ce ya haƙura? Shi ya ce?"

"Don ke ya faɗa."

"Wa ya tambaye ni?" Kuka ya ƙwace mata. "Gwaggo ta yanke, Mai Kemis ya yanke, yanzu shi ma ya yanke. Ƙirjin nawa ne, Baba. Ni ce nake shaƙewa. Kowa na magana a kaina kamar ba na ɗakin."

"Yi a hankali, Uwata, kada ki tayar da shi."

"Ka kai ni rumfarsa. Yau ɗin nan. In zauna a cikin ƙurar kowa ya gani. In ban shaƙe ba, Gwaggo ta yi shiru."

"In kin shaƙe fa?"

"Sai in aure shi a haka. Ya riƙa wanka a rumfa, ya bar kayan aikinsa a can. Mutane nawa ke zaune da asma?"

"A'a."

"Baba..."

"Na ce a'a. Ba ki ga fuskarki ba a waccan safiyar, ni na gani. Na riƙe ki a hannuna ina jin numfashinki na tsinkewa. Ba zan kai ki cikin ƙura don in rufe bakin Yaya ba, kuma ba zan miƙa ki ga abin da zai kashe ki don kina son sa ba."

Ta kama hannuna da hannayenta biyu, tana kuka.

"To ka raba mu ke nan."

"Ban raba ku ba. Zato ne ba zan yarda ya raba ku ba. Ba na Yaya ba, ba nawa ba. In bangon ne, ko duk dangi sun juya mini baya sai an ɗaura auren nan. Na faɗa, kuma kin san ni."

"In rigar ce fa?"

Na ce mata mu fara sani tukuna.

Na koma wurin likita ni kaɗai na faɗa mata ɓarnar da na yi. Ta girgiza kai, amma ba ta yi mini faɗa ba.

"Yawancin iyaye haka suke yi in sun tsorata. Abin da ba na so shi ne ku gwada da kanku a gida ko a rumfa. Ku kawo ta nan. Akwai gwajin da ake yi don a ga abin da jiki ba ya so, kuma za mu auna ƙarfin numfashinta muna kusa da ita. Ku zo da rigar, a ɗaure. Amma ka sani, Baba, zai iya zama ɗaya, zai iya zama duka biyun, zai iya zama wani abu na uku da ba mu gano ba."

Da yamma na fasa bangon. Na samu wurin, wata 'yar tsaga a gwiwar bututu, ba ta kai tsawon farce ba. Na canja shi, na kankare baƙin duka. Amma kafin in zubar, na ɓantari wani yanki mai fumfuna na ƙulle a leda.

Yaya na tsaye a bakin ƙofa tana kallona.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Shi ma za shi asibiti. In za a tuhumi rigar yaron mutane, a tuhumi bangona tare da ita."

"Kai dai tun kana ƙarami taurin kai gare ka a ɓoye."

"Ke kika goye ni, Yaya."

Ta yi tsaki ta wuce. Amma da safe na ga ta saka mayafinta tun kafin mu shirya.

Muka fito. Uwata na kan gaba tare da mahaifiyarta, abin shaƙa a hannunta. Yaya na biye da mu. A bakin titi muka tarar da Kafinta tsaye can nesa, ya yi wanka, ya sa kayan da ban taɓa ganinsa da su ba, gashinsa ko ɗigon ƙura babu. Bai matso ba. Uwata ta dube shi, shi ma ya dube ta. Da muka wuce sai ya biyo mu a baya, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da ita.

Ni ne a tsakiya, da jakar aikina a kafaɗa. Babu sifana ko sauran kayan gyara a cikinta yau. Leda biyu ce, ɗaya da rigarsa, ɗaya da bangona.

Tun da nake ban taɓa roƙon Allah Ya sa laifi ya zama nawa ba sai a wannan hanyar. Na roƙa tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti.

Har muka zauna a bencin jira ban san wace leda ce ta shaƙe mini 'ya ba. Kuma in ta Kafinta ce, ban san abin da zan ce wa Uwata ba.